Irin Audugar Da Bai Tsiro Ba: Shekara Tara Bayan Yaya Haruna

Daminar bana ta cika shekara tara da rasuwar yayana, Malam Haruna, Allah Ya jiƙansa. Shi ne mai kula da siton iri na ƙungiyar manoman auduga a ƙauyenmu da ke kusa da Sandamu.

Yaya bai yi boko mai zurfi ba, amma ya san gurya. Yakan ce maganin da ake cuɗa iri da shi kariya ce kawai daga ƙwari da ruɓa, ba ya tayar da wanda ya riga ya mutu. A sitonsa buhu ba ya taɓa ƙasa, sai a kan katako, nesa da bango. Kafin ya raba wa manoma, sai ya naɗe 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma, ya jira ya ga tsiro.

Sau ɗaya tak ya bar wannan gwaji. Ruwa ya sauka da wuri, manoma sun cika ƙofar sito, wanda ya kawo irin daga Daura kuma amininsa ne tun suna yara. Ina tsaye ya ce masa, "Haruna, na bana ne, dubi jan maganin. Ni zan cuce ka?"

Aka shuka, aka yi kwana goma, gonaki fayau. Sai daga baya direban da ya ɗauko kayan ya gaya mana irin ya shekara biyu a shago mai rufin kwano, zafi da laima suka kashe shi, aka sake yi masa jan kala.

Yaya bai taɓa kiran sunan mutumin a bainar jama'a ba, ni ma ba zan kira ba. Ya ajiye makullin sito, ya yi ta jiran amininsa ya zo ya faɗi gaskiya. Bai zo ba sai ranar ta'aziyya, ya zauna a tabarmarmu yana yabon gaskiyar mamaci.

Makon jiya a kasuwar Zango na ga buhunan iri a buɗe cikin rana, mai kayan na rantsuwa masu magani ne. Da Yaya na nan, na san ba zai yi faɗa ba. Zai dai tambayi inda suka kwana kafin su zo kasuwa.

Abin da ya bari shi ne 'ya'ya biyar da manoman da suka koyi adana iri a hannunsa. Amma har yau a ƙauyenmu "shekarar irin Haruna" ake kiran waccan damina, a gaban 'ya'yansa. Amininsa yana raye, kuma yana karanta wannan jarida. Muna jiran ya faɗa da bakinsa.