Festo Tindyebwa da Biran Kibale

Festo Tindyebwa ya yi shekara ashirin da uku yana bin sawun goggon biri a dajin Bwindi na ƙasar Uganda, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya yabi wani mai tafiya da ƙafa biyu ba. Mutumin wani ƙauye ne a gefen Ruhija, ɗan mai yankan katako da ya rasa sana'a lokacin da aka killace dajin. Da adda ya fara, yana sare wa masu bincike hanya, har aka lura idonsa na ganin abin da nasu ba ya gani. In ya duba shimfiɗar ganyen da biran suka kwana a kai, ya tona kashinsu da tsinke, zai faɗa maka su nawa ne, wane ne cikinsa ya ɓaci, kuma wane kwari suka gangara. Da asuba yake fita, in ya tarar da su sai ya kira jagoran baƙi ta oba-oba ya ce a taho.

Masu tahowar nan su ne ciwon ransa. Turawa takwas kowace rana, da sababbin takalma da sandunan ƙarfe, suna haki kamar an koro su, fuska ja wur. Su iso su yi awa ɗaya, kuma rabin awar a bayan kyamara suke yin ta. Duk wannan Festo yana iya haɗiyewa. Waɗanda ba ya iya haɗiyewa su ne masu kwatance, wato waɗanda suka je tsibirin Borneo suka ga ƙaton jan birin can, suka je dajin Kibale suka ga birin cimfanzi, sannan suka zo nan su cike na uku su yanke hukunci, sai ka ce alƙalan gasar kiwo.

Irinsu ne wani Bajamushe mai suna Lothar, ƙato mai tumbi, wanda ƙafarsa ta gaza a hawan ƙarshe har sai da 'yan dako huɗu suka ɗauko shi a kan gadon kara. Aka sauke shi gaban uban garken, mai farin baya, yana zaune yana ɓare kara cikin natsuwa. Lothar ya kalle shi na ɗan lokaci, ya juyo wajen sauran baƙin.

"A Borneo a jirgin ruwa kake zaune, birin ne ke zuwa wajenka," in ji shi. "Cimfanzi kuma akwai motsi, akwai ihu. Wannan fa? Ci kawai da tusa. Shida bisa goma na ba shi."

Aikin Festo ba magana da baƙi ba ne, amma bakinsa ya riga shi.

"Yallaɓai, shi ma tun ɗazu yake kallonka. Mutum huɗu suka kawo ka kamar gawa, ka zauna ka haɗiye biskit, tusar ma na ji taka sau biyu. Ban dai san nawa ya ba ka ba."

'Yan dakon suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Bayan sati uku shugabansu ya kira Festo ofis ya ce gwiwarsa ta hagu ta daɗe tana damunsa, kowa ya sani, don haka an mayar da shi Kibale inda ƙasa take a shimfiɗe.

"Gwiwata ce ta yi magana da Baturen?" Festo ya tambaya.

"Baba Festo, a can dai duka biyun za su huta, ita da bakin."

Matarsa Kembabazi ta ɗaure masa garin dawa da wake a buhu, ta ce ko ba komai ƙanwarsa na aure a can, ba zai kwana da yunwa ba. Wannan ma wani abin takaici ne, domin mijin ƙanwar, Kaboyo, wanda kowa ke kira Apuuli, jagoran masu kallon cimfanzi ne. Mutumin yankin Tooro ne mai sanyin murya, gaisuwarsa kaɗai sai ta ci minti biyar, kuma shekara goma sha huɗu ke nan Festo na ce masa makiyayin 'yan daba.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Apuuli yana murmushi a tashar mota. "Ka bar waɗancan malalatan naka ka zo wajen masu rai?"

"Na zo in ga abin da ke sa ƙato kamarka ya wuni yana kallon sama baki buɗe."

Washegari ya gani. Babu shimfiɗa a ƙasa da zai karanta, babu hanyar da aka murƙushe, domin biran nan a kan bishiya suke kwana, kuma kunne ake bin su da shi. Daji ya ɗauki kururuwa da dukan saiwar bishiya kamar ganga, Apuuli ya ce a ruga, suka ruga. Suka tarar da su can ƙololuwar wani ɓaure, baƙaƙen ɗigo-ɗigo a cikin ganye. Festo ya ɗaga kai har wuyansa ya ƙage. Yana cikin haka ya ji ɗumi na gangaro masa daga hula zuwa ƙeya.

"Ruwa ake yi?" wata Baturiya ta tambaya.

"A'a, gaisuwa ce," in ji Apuuli. "Sun karɓi Yaya."

A wata na biyu ya ga sun yi farauta. Suka kewaye wani ɗan ƙaramin biri a kan reshe, suka cafke shi, suka yayyaga shi da ransa suna ƙwace da cizon juna, manya na hana ƙanana. Baƙi suka yi ta murna, wani yana cewa wannan ita ce rana mafi daɗi a rayuwarsa. Festo ya tofar da yawu. Da yamma ya ce wa ƙanwarsa yanzu ya gane abin da ya sa Turawa ke son cimfanzi, ai danginsu suke zuwa dubawa.

Abin da ya karya shi, Apuuli ne ya ƙulla shi, kuma da kyakkyawar niyya. Wata safiya yana yi wa baƙi bayani sai ya nuna shi ya ce, "Wannan dattijon ya san duka biyun, shekara ashirin da uku a Bwindi. Duk mai son sanin wanne ya fi, ga shi nan." Suka yi masa caa. Wanne ya fi wahalar hawa? Wanne ake kusanta? Wanne ya fi kyau a hoto? In mutum kwana ɗaya kawai gare shi, ina zai je?

"In kwana ɗaya gare ka, ka zauna a gidanku," in ji Festo. "Goggon biri dattijo ne mai iyali, ba ya neman kowa. Waɗannan kuwa ɓarayi ne masu cin naman maƙwabta. Wancan jan na Borneo ban san shi ba, amma duk birin da zai bi jirgin Turawa saboda ayaba ya gama zubar da mutuncinsa."

Ya zaci za su ji haushi. Dariya suka kwashe da ita, wayoyi suka tashi sama. Kafin wata ya ƙare, baƙi na isowa ƙofar dajin suna tambayar ina tsohon nan mai faɗa. Direbobi suka riƙa kawo masa mutane takanas, a ce, "Baba, yi musu na ɓarayin nan." Wata yarinya 'yar Holan ta nuna masa kansa a wayarta, yana zazzare ido yana jera birai uku daga na ɗaya zuwa na uku, dubban mutane sun kalla. Ya daɗe yana duban hoton. Muryar da ya ji tasa ce, amma sana'ar ta Lothar ce, kuma shi ya ma fi Bajamushen iya ta.

Watansa bakwai a Kibale ya miƙa kakinsa da oba-oba. Apuuli ya bi shi har mota yana ba shi haƙuri, yana cewa baƙi na son sa.

"Abin da ya kore ni ke nan, Apuuli. Ka gaishe da 'yan dabarka."

Ya koma gonarsa da ke manne da iyakar dajin Bwindi, ya dasa ayaba tsiri ɗari biyu, ya ce daga yau shi da biri sai a lahira. Shekara ta zagayo, ayaba ta fara nuna. Wata rana da hantsi Kembabazi ta shigo da gudu ta ce ya fito ya ga baƙi. Garke guda ne na goggon biri, su goma sha ɗaya, sun baje a tsakiyar gonar. Ba 'ya'yan ayabar ma suke ci ba, itacen suke tsagawa gida biyu su cinye ɓargon su jefar da saura. Mai farin bayan ya kishingiɗa a kan abin da ya kayar yana sosa ciki.

Festo ya ɗauko tsohuwar garwa yana duka da itace, yana zagin uban garken da kakanninsa. Birin ya dube shi sau ɗaya, ya miƙa hannu ya kamo wani tsirin.

"Baban Ninsiima, ka rage murya mana," in ji Kembabazi daga bayan shinge, tana kiransa da sunan 'yarsu. "Dattawa ne masu iyali, abinci suke ci."

Kwana uku suka yi suna dawowa kafin masu korar birai na ƙauyen su mayar da su daji. Tsiri goma sha tara suka rage. Festo ya sare su da hannunsa ya dasa ganyen shayi, don shi ne abin da goggon biri ba ya ci. Shayin ya kama, shi suke tsinka yanzu shi da matarsa, kuma ya riga ya gano cewa duk maƙwabtansa ba su iya tsinkar shayi ba.