Koren Harshen Dada Aisa

Kwana uku bayan Ƙaramar Sallah na shiga gaida kakata, Dada Aisa. Da ta buɗe baki za ta amsa, sai na ga harshenta kore shar. Ta juya ta furzar da wasu 'yan ƙwallaye cikin tasa. Harsasan roba ne, irin na bindigar wasan da yara ke harbin juna da ita a lungunan Nguru.

Dada ta fi shekara arba'in tana shirya jigida da abin wuya. A Gashua ta koya wurin mahaifiyarta, kafin aure ya kawo ta nan. Yadda aka koya mata shi ne ta cika kunci da duwatsun jigidar, tana turo su ɗai-ɗai da harshe, hannuwanta na kan zare. Ko hira take, da su a bakinta. Amaren unguwarmu kusan duk da jigidarta suka tare.

Ashe tun Sallar bara ta lura da harsasan nan zube a ƙofar gida, ja da kore da ruwan ɗorawa, girmansu ɗaya. Sai ta riƙa share su tana wankewa. Takan gasa allura a garwashi ta huda kowanne, hayaƙin na shiga hancinta, sannan ta zuba a kunci.

Ni kimiyyar sinadarai na karanta a jami'ar Gashua. Na gaya mata ban san da irin robar da aka yi su ba, kuma akwai fentin da ake samun gubar dalma a cikinsa. Ta yi dariya har da tafa cinya.

"Maigidan, kai da ko cefane ba ka taɓa kawo mini ba, yau bakina za ka tsare?"

Ni kuwa idona na kan ƙafafunta. Sun kumbura har silifas ya yi musu shaida. Ta ce zama ne kawai. Amma duk wanda ya zauna a Gashua ya san abin da ke fara zuwa zuciya in an ga kumburin ƙafa: ciwon ƙoda. Kawuna Madu da haka nasa ya fara.

Sai da na haɗa ta da babana ta yarda muka je asibiti. Aka ɗebi jininta da fitsari. Washegari na hau mota zuwa Gashua, na kai wa wani tsohon malamina harsasan cikin kwalba. Ya ce ba su da na'urar gwada su, sai ya aika Kano, kuma kada in yanke hukunci tukuna.

Na kwashe sauran na ɓoye a akwatina. Jiya na tarar da ita zaune, zare a hannu, bakinta na motsi babu komai a ciki.

Likita ya ce mu koma ranar Litinin. Daga Kano har yanzu ba a kira ba.