Layin da Ya Karkace a Idon Teuvo

Bayan an binne Reino, mijin Aulikki, ɗansa ya ciro sunan uban daga allon ƙofa, ya bar "Aulikki" can gefen dama, ga gurbi fayau a hagu. Duk ta dawo daga coci sai ta tsaya da makulli a hannu tana kallon gurbin. Wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar da maƙwabcinta Teuvo yana matso haruffan ɗaya bayan ɗaya, har sunan ya zauna a tsakiya.

"Ba don ke na yi ba fa, Gwaggo," in ji shi. "Duk na wuce sai ya tsone mini ido."

Haka Teuvo yake. Mutum ne dogo, marar yawan magana, shi kaɗai da kyanwarsa a bene ɗaya da ita a birnin Tampere. Aikinsa tsara fuskar manhajar waya, wadda mutanen gari ke sayen tikitin bas da ita. Shi ke cewa rubutu ya fara daga wannan gefe, hoto ya bi layi ɗaya da shi, kalma ta zauna daram a tsakiyar maɓalli. In ya shigo shan kofi, sai ya juya kofinta hannunsa ya dubi inda na nasa ya duba, kafin ya gutsiri burodin da ta gasa.

"Kai dai ko a Aljanna sai ka gyara wa mala'iku sahu," takan ce.

"In sun karkace ba."

Da lokacin kaka ya shigo, sai ya zo mata da waya. "Gwaggo, ke da kika yi ɗinki. Dubi wannan layin. Ya miƙe?"

Ta gyara tabarau. "Sambal."

"Tsakiyarsa bai lanƙwasa ba?"

"Ina? Ka sha wani abu ne?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba. Sai ya faɗa mata. A idonsa na dama, komai miƙaƙƙe ya fara lanƙwasa, har dogaran ƙofa. A ofis ya tura wani maɓalli gefe don ya daidaita, alhali daidai yake, wata abokiyar aikinsa ta mayar da shi inda yake. In aka gane, a ganinsa, aikin ya ƙare, don ido kaɗai yake sayarwa.

"Je asibiti, ɗan nan."

"In mun saki sabon tsarin. Gajiya ce kawai."

Daga nan kowace yamma sai ya shigo, ya ajiye wayar kusa da faranti. Ita ta duba. Wannan ya ɗan fita hagu. Tazarar nan ta fi ta ƙasa. Wancan bar shi, lafiyarsa ƙalau. Ya gyara, ya ce ta ƙara masa kofi. Aikinsa ya koma tsaf, ba wanda ya ƙara mayar masa da komai. Ita ma, gidan da ya yi shiru tun rasuwar Reino ya samu motsi. Tana sa shi a addu'a, tana tuna masa asibiti, yana cewa bayan Kirsimeti.

Sai da ƙanƙara ta narke ya je, lokacin da baƙin tabo ya zauna masa a tsakiyar gani. Likita ta ce irin wannan ciwo ana tare shi da allura in an zo da wuri. Idon daman ya riga ya tafi, na hagun za a yi ta lallaɓawa.

Bai jira a ce masa komai a ofis ba, ya ajiye aikin, ya koma ƙauye wurin yayarsa. Aulikki ta sha zama tana juya abin: da a ce ranar farko ba ta duba masa ba, da kuskuren ya fito fili, da an tura shi asibiti dole.

Ranar tafiyarsa ya tsaya a ƙofarta, kyanwa a kwando, ya shafa haruffan sunanta da yatsa.

"Gwaggo, in kin shiga bas kin buɗe wayar nan, ki riƙa duba mini. In yaran nan na ofis sun karkatar da wani abu, ki kira ni. In daidai yake ma, ki kira."