Gayyar Kwamfuta da Kulolin Inna

Shekarun baya, ban daɗe da fara koyarwa a wata jami'a a Gashua ba, aka saka mu cikin wani darasi na haɗin gwiwa da wasu jami'o'i uku. Sunan darasin girid. Abin da yake nufi shi ne a ɗauko lissafin da ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, a yayyanka shi, a raba wa kwamfutoci da yawa a garuruwa daban-daban, kowacce ta yi nata ta mayar. Ni aka damƙa wa ajin Gashua, ɗalibai arba'in. Shugaban shirin wani farfesa ne a can wata babbar jami'a, mutumin da ko ta kiran bidiyo ya kalle ka sai ka ji kamar ka cire takalmi.

Sati biyu ina zuba Turanci, ɗalibaina na kallona kamar ina karanta musu takardar magani. Rabinsu ma sun ɗauka maganar wutar lantarki ce. Rannan na gaji, na ce musu, kun san gayya? Nan take ajin ya farfaɗo. 'Ya'yan manoman Dagona da Karasuwa ne, babu wanda bai taɓa riƙe fartanya a gonar wani ba. Na ce to gonar ɗaya ce, kowa da kunyar da zai nome, laftof ɗinka ita ce fartanyarka. Daga ranar babu wanda ya sake cewa girid. Ni kuwa na dinga jin kaina, ina ganin babu malami kamata a duk Yobe.

Sai aka yi gwajin farko wata Asabar. Sharaɗin shi ne kowace laftof ta zauna a kunne a ɗakin kwamfuta daga hantsi zuwa bayan la'asar. A babban allo kowace kwamfuta ɗigo ce kore, idan ta fita sai ta koma ja. Ana kiran azahar ɗalibaina suka tafi salla da laftof ɗinsu a hammata, wai tsoron ɓarayi. Ni na dawo daga masallaci, su ba su dawo ba. Gashua ta yi jajawur a gaban jami'o'i uku. Farfesa ya ce cikin sanyin murya zai sake ba mu Asabar ɗaya, idan aka maimaita zai cire mu daga shirin. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san abin da za a ce: dama 'yan can ƙarshen ƙasa ba za su iya ba.

Ranar Alhamis na kira mahaifiyata a Nguru, na ce ba zan samu zuwa gida wannan satin ba, ina da gayya ranar Asabar. Bakina ya riga ya saba da kalmar. Ta tambaye ni mutum nawa, na ce arba'in. Ta tambayi wa zai yi girki. A lokacin ko aure ban yi ba. Na yi dariya na ce, Inna, ba irin wannan gayyar ba ce, ta kwamfuta ce. Ta ce, "To." Da ina da hankali, da wannan "to" ɗin na sha jinin jikina.

Ranar Asabar na ci kwat a zafin Gashua saboda farfesa. Na yi wa ɗalibai wa'azi, na haɗa da barazana, ɗigo arba'in suka yi kore. Wajen sha biyu saura, na fara ganin ana hamma ana leƙen ƙofa, sai maigadi ya shigo ya ce ina da baƙi daga Nguru.

Na fita na tarar da mota cike da kuloli, Inna a tsaye tana ba direba umarni. Burabusko, miyar kuka, kunun tsamiya a jarka, da wata babbar kula da ta hana kowa taɓawa. Na durƙusa na gaishe ta, na fara raɗa mata cewa nan jami'a ce, kuma ana kallonmu ta kyamara daga garuruwa uku. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan," ta ce, "ka tara 'ya'yan mutane arba'in su yi maka aiki, ka ce ko ruwan kunu ba za su sha ba? A gidan wa ka ga an yi haka?"

Na ce ai kwamfutocin ne ke aikin, su zama kawai suke yi. Ta ce to zaman ma da ciki ake yin sa. Ta wuce ni ta shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin.

Abin da na yi a lokacin har yau ina jin kunyarsa: na koma ciki na karkatar da kyamara ta kalli bango.

Ita kuwa ko a jikinta. Ta sa aka yi salla kashi biyu, rabi su je rabi su yi gadin kaya. Wannan dabarar da digirina biyu ban taɓa tunaninta ba. Aka ci burabusko aka sha kunu. Da wata ɗaliba ta tambayi abin da ke cikin babbar kular, Inna ta ɗaga murfin kaɗan, ƙamshin soyayyen kifin Nguru ya cika baranda, ta mayar ta rufe. Ta ce wannan sai an kai ƙarshen gona, wanda ya tafi kuma ya yafe rabonsa. Babu wanda ya ko je shan iska.

Wajen ƙarfe biyu na kalli allo, sai na ga ja ya fara fitowa, amma ba a wajenmu ba. Ɗaliban manyan jami'o'in ne yunwa ta fara kora, ɗaya bayan ɗaya, kowa da laftof ɗinsa a hammata. Tsarin kuwa idan kwamfuta ta fita, sai ya tura aikinta ga wadda ke kunne. Haka tsofaffin laftof ɗin Gashua, wasu an ɗaure murfinsu da salatif, suka nome kunyoyinsu suka shiga na maƙwabta. Bayan la'asar lissafin ya kammala. Taswira ce ta wuraren da ruwa zai fi malala a fadamun da ke tsakanin Nguru da Gashua. Inna ta leƙo ta kalla, na nuna mata, ta ce ai wannan duk masuncin da ka tare a hanya zai gaya maka kyauta.

Muna cikin haka farfesa ya kira. Ya ce me ya sa yake ganin bango. Dole na juyo da kyamara, ga ni cikin kwat jiƙe da gumi, ga ɗalibai kowa da kan kifi a hannu. Ya tambaye ni da gaske wace dabara muka yi amfani da ita kwamfutocinmu ba su fita ba. Ina neman Turancin da zan rufa wa kaina asiri, Inna ta matso ta tambaye ni ko wannan ne mai gonar. Na ce shi ne. Ta gaishe shi da mutunci, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Malam, naku mutanen me aka dafa musu?"

Farfesan Bahaushe ne. Ya cire tabarau. Can ya ce, "Hajiya, ba a dafa ba."

Ta ce, "To."

Ba a cire mu ba. Na ci gaba da koyar da darasin shekaru da dama, kuma har yau da gayya nake fara bayani. Sai dai na gane a wancan lokacin rabin kalmar na ara, rabin da ya yi mini daɗi: kowa ya zo da fartanyarsa ya yi mini aiki. Rabin da ke kan mai gona na bar shi, sai da aka biyo ni da shi a mota tun daga Nguru. Dariya nake yi duk lokacin da na tuna ranar, ban da wuri ɗaya. Da na raka ta mota da yamma, ta ce a hankali ta ga lokacin da na juya abin ɗaukar hoton nan. Ta gyara mayafinta ta ce ba komai, dama ba don a gan ta ta zo ba.