Yashin Bayan Gari

Ku rubuta yadda na faɗa, kada ku gyara mini. A ƙauyenmu, can wajen Guri, babu uwar da ta kai ni hankali. Ni na yanke wa kaina wannan hukunci.

A zamanin Nasara, in gulbi ya ja baya, yakan bar fili na yashi a bayan gari, da ɗan ruwa iya gwiwa. Nan yara ke wuni. Su yi kokawa, su yi langa, su kifa ciki a kan ƙaramin gora suna kwaikwayon iyayensu masunta. Yaro ya sha ruwa ya ƙware, ya yi kuka, gobe ya koma.

Ni kuwa sai da na binne uku kafin na sami ɗa guda da ya tsaya. Ana nan sai ga duba-gari da gajeren wandonsa, ya ce ruwan nan ne ke sa wa yara fitsarin jini. Kowa ya ce to, ya ci gaba da harkarsa. Ni kaɗai na ɗauki magana. Na zaunar da ɗana a gindin turmi, yana jin ihun 'yan'uwansa yara ta bayan danga, ina toshe masa baki da ƙuli-ƙuli.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, yakan ce, "Ke, ɗan masunci kike reno ko ɗan tsako?"

In ce, "Malam, in kana da wani ɗan a ajiye, shi ka kai."

Ya girma lafiya lau, fitsarinsa fari tas. Har gemu ya fito masa. Wata shekara suka ɗora gyaɗa a kwalekwale, shi da sa'o'insa biyar, za su tsallaka su kama hanyar garin Malam Madori. Kwalekwalen ya kife. Biyar ɗin nan, 'ya'yan matan da nake zagi da sakaci, suka fito, har da buhu biyu suka ceto. Daga baya suka ce ruwan wurin iya wuya ne, da ɗana ya miƙe tsaye kawai da ya tsira. Bai san ana miƙewa ba.

Wayyo ɗana. Ku bar ni in yi kukana, ba na jin kunya.

Da aka dawo daga maƙabarta, Malam ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai shigo ba. Ya ce mai wankan gawa ya yaba mini: bai taɓa wanke namijin da babu tabo ko ɗaya a jikinsa ba sai yau.