Ragon Suna a Gangaren Jima

Ranar Talata ce, a tsakiyar bazara. Na yi sallar asuba a ƙofar gida, na shiga garke na zuba wa tumaki harawa. Goma sha ɗaya na kasuwa ne. Na goma sha biyu ba na sayarwa ba ne. Farin balami ne mai baƙin tabo a kunne, na ɗaure shi daban a gindin aduwa. Da hannuna nake ba shi dusa, har ya saba bina kamar kare. Ragon sunan ɗana ne, ɗan da ba a haifa ba tukuna.

Maiɗakina Hajara tana bakin murhu tana dama kunu. Cikinta ya shiga wata takwas. Ƙafafunta sun kumbura, amma tana dariya, don maƙwabciyarmu Inna Dije mai daddawa ta leƙo ta kan zana tana tsokanata. Ta ce, "Garba, wannan itace da ka tara, jego za a yi ko giwa za a dafa?"

Ni dillalin tumaki ne. A Potiskum aka haife ni, a Gangaren Jima, ƙasan gari, inda ruwan kwatamin kowa yake taruwa kuma majema suke jiƙa fatu. Ubana majemi ne. Da tunkiya ɗaya na fara.

Mai sayar da raguna yana sanin abin da liman bai sani ba. Mutanen tudu, can wajen Bolewa, tun ciki yana wata shida suke aikowa a zaɓa musu rago, su ɗaure su yi ta kiwo. A Gangare ba mai sayen rago sai da yammacin kwana na shida. Ba rowa ba ce. Akwai ciwon da muke kira mai-kwana-shida. Jariri zai zo lafiya, ya sha nono kwana huɗu ko biyar, sai muƙamuƙinsa ya ƙage, bayansa ya sandare. Wa zai sayi rago ya zauna yana kallonsa? A tudu ban cika jin labarin wannan ciwo ba.

Ɗanmu na fari, ciwon nan ne ya ɗauke shi. Ta biyun ba ta zo da rai ba.

Da na sami abin hannu na nemi fili a tudu. Sau uku ina zuwa da goro. A na ukun aka ce mini warin jima ba ya fita a jikin ɗan majemi. Sai na yi shawara irin ta ɗan kasuwa: tun da ba zan hau tudu ba, zan sauko da tudu gidana. Na sa mai jaki yana kawo mana ruwan rijiyar tudu, Hajara ta daina shan na kududdufi. Na kai wa Ya Falmata, ungozomar manyan gidaje, zane da ƙwaryar goro tun ciki yana wata biyar, ta yi mini alkawari za ta sauko. Na tara itacen wankan jego na kwana arba'in cif, busasshen ƙirya da marke, na jera shi jikin zana kusa da ƙofa, ya fi tsayina. Na so duk mai wucewa ya gani. Sannan na ɗaure rago.

An buga ƙarfe tara a bariki, sai na ji usur.

Na fito. Dubagari ne da 'yan doka kamar goma. Can saman gangare wani Bature yana kan doki, ya toshe hanci da hankici. Agana ta yi makonni a gari. A tudu ma akwai ta, na gani da idona a gidan da na kai rago. Can ƙyalle kawai aka ɗaura a ƙofa. A Gangare an ce gida uku suna ɓoye marasa lafiya, za a ƙone su.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

Gida na farko na wani tsohon majemi ne. Ya tsaya a ƙofa ya ƙi matsawa, 'yarsa tana kwance a ciki. Suka ja shi a ƙasa. Wani ya ɗebo ruwan jima ya watsa wa ɗan doka a fuska. Kulake suka tashi. Na ji ƙarar itace a kan ƙashi. Mata suka fasa ihu. Sai bindiga, sau biyu. Tsuntsaye suka tashi daga kududdufi gaba ɗaya.

Aka sa wa bunu wuta.

A tudu gidaje na ƙasa ne, da katanga da soro. Namu zana ce jingine da zana, lungun da jaki mai kaya ba ya iya wucewa. Iska tana busowa daga gabas. Wutar ba ta ƙirga gida uku ba.

Gidana na tara ne a jerin. Na yi lissafi na ga ina da lokaci. Na shiga garke na fara kwance tumaki. Wannan na yi, ba zan ɓoye ba. Ina kan na bakwai na ji wani irin ruri a bayana, kamar an buɗe bakin maƙera. Itacen jego ne ya kama. Wata biyar yana shan rana. Ƙofarmu ɗaya ce, kuma ga ta a cikin wuta.

Hajara tana tsakar gida, hannu biyu a kan ciki, ba ta motsi.

"Baya! Bi baya!"

Na zaro wuƙata na tsaga zanar baya. Na tura ta cikin kafar da na tsaga. Ta fita da rarrafe, ƙafarta ta zame a kwatami, ta faɗi ruf da ciki. Ba ta yi kuka ba. Inna Dije ta ɗago ta, ita ma zaninta yana hayaƙi. Na koma na yanke igiyar farin ragon. Sauran biyar da ban kwance ba, na ji kukansu har muka fita unguwa.

Muka nufi tudu, mu da duk Gangare. A bakin hanya 'yan doka sun ja layi, kulake a gicciye.

"Ba mai hawa! Ku koma!"

Na ce matata tana da ciki, ungozoma tana jiranmu. Kulki ya sauka a kafaɗata. "Ku koma da aganarku!" Bayanmu wuta, gabanmu kulki. Jama'a suka watse ta gonaki. Mu muka kama hanyar Danchuwa, don Inna Dije tana da dangi can. Ragon yana biye da ni.

Gonakin bazara ba inuwa. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Hajara tana tafiya taki ashirin ta tsaya, ta dafa ni, ta sake. Ba mu ɗauko ko ludayin ruwa ba. Muna jin ƙarfe goma sha biyu can nesa-nesa, sai faya ta fashe. Muka kai ta gindin wata tsamiya. Inna Dije ta kwance mayafinta ta shimfiɗa, ta dube ni. Ta ce da irin Hausarta ta Bakarkariya, "Ni daddawa na iya, ɗana. Je ka kawo mai aikin."

Na juya da gudu. A hanya dabara ta zo mini. Na wanke fuskata da ƙasa, na kakkaɓe toka, na sa ragon a gaba. Na zaga ta bayan kasuwa, ta inda ake shigo da dabbobi. Ɗan doka ɗaya ne a wurin. Ya ɗaga kulki. Na ce, "Ragon babban gida ne, ana jira." Ya dubi ragon, bai dube ni ba. Ya matsa. Matata mai naƙuda ba ta wuce ba, rago ya wuce.

Ana kiran azahar na isa gidan Ya Falmata. Aka ce tun safe tana gidan wani attajiri mai fataucin kanwa, matarsa tana kan gwiwa. Na san gidan, na sha kai musu raguna. A zaure baran gidan ya tare ni. Ya shinshina hayaƙin jikina ya ja da baya. Na ce ya kira mini ita, ragon nan nasa ne. Bai karɓa ba, amma ya shiga.

Ta fito hannunta a jiƙe. Ta tsaya daga cikin zaure, ni ina waje. Na gaya mata. Ta waiwaya ciki. Daga inda nake ina hango tsakar gida: tukunya biyu a kan wuta, ruwa yana tafasa, wata mata ta riƙe askar Ya Falmata a cikin garwashi.

Ta ce, "Ɗana, in na taka wajen mutanen Gangare yau, ba gidan da zai sake buɗe mini ƙofa. Ga wannan ma kan jaririnta ya sauko. Allah ya raba lafiya."

Na durƙusa. Ban taɓa durƙusa wa mace ba sai uwata. Aka kira ta daga ciki, ta juya. Ban bar ƙofar ba sai da na ji guɗa sau uku. Namiji ne.

Ban roƙe ta askar ba. Ban san ita ce abin roƙo ba.

Na koma da gudu, ragon yana haki a bayana. Rana ta karkata, la'asar ta yi. Tun daga nesa na ji kuka, siriri kamar na ɗan akuya. Na ƙarasa gindin tsamiyar.

Namiji ne. Bai fi tsawon damtsena ba. Yana kwance a cinyar uwarsa, cibiya ba a yanke ba, ƙudaje sun fara taruwa. Inna Dije ta miƙo hannu. "Wuƙa!"

Na ba ta tawa. Da ita nake gyara kofaton tumaki, da ita nake yanke igiya, da ita na tsaga zana da safe. Na goge ta a rigata sau biyu. Ta yanke, ta ɗaure da zaren mayafi, ta ɗebi ƙasa mai laushi ta barbaɗa, yadda ake yi a Gangare tun kakanni. Na ɗauke shi na yi masa kiran salla a kunne. Na raɗa masa sunan ubana. Ba wanda ya ji sai ni da shi.

Kafin magariba muka isa Danchuwa, Hajara a kan jakin wani manomi. Labarin agana ya riga mu. Dangin Inna Dije ba su shigar da mu gari ba. Suka ba mu rumfar gona, suna ajiye mana tuwo da tulu ɗaya na ruwa a kan kunya su koma. Ban ga laifinsu ba. Da karan dawa nake ɗumama ruwan. Wankan jego na kwana arba'in ya koma ƙwarya ɗaya mai ɗumi-ɗumi.

Laraba ya kama nono. Alhamis ya buɗe ido. Juma'a Hajara ta yi dariya, ta ce hancina ya ɗauko, Allah ya kyauta. Asabar na yanko wa ragon ganye, na fara tunanin limamin da zai yarda ya zo gona.

Lahadi da hantsi ya saki nono. Hajara ta sa masa, bakin bai buɗe ba. Ta matsa masa a leɓe, ya gangaro ta kumatu. Ta dube ni. Mun taɓa ganin wannan. Da azahar bayansa ya lanƙwashe kamar baka. Ko tari na yi sai ya zabura. Inna Dije ta kore ragon nesa don kada kukansa ya taɓa shi.

Litinin, rana ta ɗaga kamar tsayin mashi biyu, ya daina numfashi.

Ni na haƙa, da aron fartanya. Bai ci wuri ba.

Ba mu da ƙwayar hatsi, kuma ba za mu zauna kan tuwon mutane har abada ba. Da la'asar na sa ragon a gaba na shiga gari. An janye 'yan doka. Gangare toka ce da bakin tukwane. A ƙofar garkena na tsaya kaɗan, na wuce. Yammacin kwana na shida ne, lokacin da mutanenmu suke zuwa sayen rago. Ba kowa.

A bakin kasuwa baran attajirin nan ya hango ni. Ya ce gobe suna, baƙi sun yi yawa, maigida yana son ƙari a kan wanda suka kiwata. Ya shafa bayan ragon, ya ɗaga leɓensa ya duba haƙora. Ya tambayi abin da aka haifa a gindin tsamiya. Na gaya masa. Ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne." Sannan ya taya.

Shekara ashirin da wani abu ina ciniki, ban taɓa sallamawa a tayin farko ba sai ranar. Na miƙa masa igiya. Ragon ya ƙi binsa, sai da na raka su har ƙofar zaure.

Bayan shekaru wani malamin asibiti ya zo sayen rago wurina, hira ta kai mu kan mai-kwana-shida. Shi ya gaya mini abin da ya sa ake sa aska a wuta: ta cibiya ciwon yake shiga. Na ce masa na gode. Na auna masa ragonsa da ido, muka yi ciniki.

Yaron attajirin ya girma, ya gaji kanwar ubansa. Duk haihuwar da aka yi a gidansa ni nake zaɓa masa rago, tun ciki yana wata shida. Hajara ba ta sake ɗaukar ciki ba. Mun sake gini a Gangare, a kan tokar, don nan ne aka bar mu. Mun haifi uku. Ba wanda aka yi wa suna. Na ukun yana da shi, amma ban taɓa faɗa ba, ko ga uwarsa.