Farar Rigar Gwadabe da Babur Mai Ƙafa Uku

Duk wanda ya zauna cikin Hausawan Anacha a shekarun da aka dawo bayan yaƙin basasa ya san Gwadabe. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don abin da aka rage masa a ƙafa an cika masa a baki har ya yi ambaliya. Shan inna ce ta same shi tun yana yaye. Ya tashi da kafaɗu irin na ɗan dambe da ƙafafu kamar muciya biyu da aka manta a rana. Dillalin albasa ne a Kan Gada, inda motocin Arewa ke sauke kaya, kuma yana jin Ibo kamar a nono ya sha. Matan kasuwa kan zo da niyyar zaginsa, su koma da buhu biyu suna dariya.

Tafiyarsa kuwa da hannu ce. Katako biyu a tafuka, guntun taya a gwiwoyi, ya ja jiki. Wanda ya san ruwan Anacha da jan taɓonta ya san irin tufafin da mai rarrafe zai sa. Gwadabe bai taɓa sa fari ba. Kullum kaki, ko wani yadi mai launin ƙasa da matarsa Haulatu ke cewa ko an wanke ko ba a wanke ba ɗaya ne, asarar sabulu kawai.

Amma rarrafen bai taɓa ci masa rai ba. Goyo ne ke ci masa rai. Akwai babbar kwata tsakanin unguwa da masallacin Juma'a, in damina ta sauka sai an ɗauke shi. Amininsa Salihu mai goro shi ne kan durƙusa ya juya baya, Gwadabe ya ɗare, da gemunsa da komai, ana tafe ƙafafunsa na lilo. Yana ta barkwanci a bayan nan, yana cewa dokinsa ya rame, a ƙara masa dawa. Ran nan da daddare ba ya iya cin tuwo.

Kafin yaƙi yana da keken guragu na murzawa da hannu. Da gudu ya kama, Salihu ne ya sungume shi ya jefa shi bayan mota, keke ya tsaya gadi. Da suka dawo ya je nema, ya tarar wata mata ta girke kaskon ƙosai a kan gargarensa. Ya dube ta, ya dubi murhun, ya sayi ƙosan ya ci, ya ce ko ba komai ya ci gadon kekensa.

Sai ga shekarun kuɗin mai. Masinja ya sayi rediyo, malamin makaranta ya sayi babur, kowa na son miya da albasa har ta yi yawa. Aljihun Gwadabe ya yi nauyi. Ya aika aka kira Emenike, wani bakanike da ya koyi aiki a Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yan unguwar. Emenike ya yanka sabon babur gida biyu, ya yi masa waldar tayoyi biyu a baya, ya girka kujera mai majingina, ya dawo da birki da giya da abin tayarwa duk wajen hannu. A gefen dama, daidai cinyar mai zama, sarƙar da ke juya taya take, ya rufe ta da murfin kwano.

Ranar da ya kawo shi ya ce, "Malam Gwadabe, saurara. Wannan abu ƙafarka ce, ba tirela ba ce. Mutum ɗaya na yi wa, kai kaɗai."

"To da wa zan ɗauka, uwar gidanka?"

"Ka bar wasa. In ruwa ya dake shi, ka sa wa wayar birki mai. Wannan murfin kuwa," ya ƙwanƙwasa shi da sifana, "kada ka yarda ya bar wurinsa. Ku Hausawa mutum ɗaya sai ya sa yadin da zai ishi gida guda. Sarƙa ba ta san Alhaji ba."

Gaskiya dai a faɗe ta, Gwadabe ya kula da abin nan. Kafin ya wanke fuskarsa ya goge shi. Baƙin mai ba ya wuce lokaci, taya ba ta kwana da ƙarancin iska, wayar birki kullum tana sheƙi. Da yamma a shigo da shi rumfa a lulluɓe da bargo. Haulatu kan leƙo ta ce, "Malam, shi ma in zubo masa tuwon ne, ko koko zai sha?" Ya ce ta bari sai ya tambaye shi.

Ya daina ganin duniya daga ƙasa. Ya je Kan Gada da kansa, ya dawo da kansa, ya bi ta kwalbati ya zagaye kwatar da ta daɗe tana cin mutuncinsa. Har yawon da ba dalili yake yi, ya je tasha ya dawo, don kawai ya ji ba wanda ya kai shi.

Wuri ɗaya aka samo shi. Baiwa mai tuwo ce ta fara. Ta tare shi a bakin kasuwa da ƙullin garin masara, ta ce, "Gwadabe ɗan albarka, tunda gida za ka." Baiwar nan ta sha aiko masa da abinci sanda suka dawo ba su da ko tukunya. Ya ce a ɗora. Kashegari Nasidi da kwandon busasshen kifi. Bayan nan Salihu da huhun goro, yana cewa, "Yau dokin ya huta, mahayi ya yi dako." To da wane baki za ka ce a'a ga mutumin da ya gudu da kai a bayansa ranar da kowa ke gudun ransa? Unguwar nan ba wanda bai taɓa ɗaga Gwadabe ba, ko ya tsallakar da shi, ko ya miƙo masa buta. Shekara da shekaru yana cewa na gode. Yanzu ga shi ana ce masa an gode, abin ya yi masa daɗi fiye da nama.

Haulatu ta ce, "Malam, ba haka bakaniken ya ce ba."

Ya ce, "Bakanike bai taɓa hawa bayan kowa ba."

Kaya ya yi ta hawa, ana ɗaure shi da igiya ta baya da ta gefe. Wata rana buhun wake ya zame ya danne murfin sarƙa ya lanƙwasa shi ciki. Sai ya fara gogar sarƙa, ƙurrr, ƙurrr, tun daga kasuwa har gida, yara na kwaikwayo. Gwadabe ba ya son abin kunya. Ya kwance murfin ya tura ƙarƙashin gado.

Emenike ya gan shi a hanya ya daka masa tsawa daga tsallake. "Malam! Ina murfin?"

"Ya tafi hutu!"

"Kawo shi gobe in buga maka, ba ko sisi!"

Gobe motar albasa ta iso. Jibi aka yi suna. Sarƙa tana ta juyawa tsirara ba ta ciji kowa ba, don rigunansa duk gajeru ne, sai maganar ta bi ruwa.

Ashe akwai abin da ya daɗe a ransa bai gaya wa kowa ba. Ya kai wa Zailani tela farar shadda, ya ce babbar riga yake so, mai aska, mai faɗin da in an buɗe ta za ta rufe ƙofar zaure. Ranar Juma'ar da ya sa ta, Haulatu ta tsaya tana kallonsa. Ta gyara masa hula. Sannan ta ce, "Ka tattare ta ka zauna a kai, in ka isa ka sake ta."

"Rigar da zan zauna a kai, me ya raba ta da tabarma?"

Ya naɗe hannayen rigar ya saɓa a kafaɗa yadda ya ga manya na yi, ya tayar da babur. A hankali ya bi unguwa, kowa ya more kallo. Mata na leƙe ta katanga, Nasidi na ihu, "Ango! Ina amaryar?" Da ya kawo gangaren masallaci sai ga Liman tafe a ƙasa da dattawa. Tun Gwadabe na yaro takalman mutanen nan yake gaisarwa. Yau ga fuskokinsu daidai tasa. Mai hankali zai tsaya, ya kashe inji, sannan ya yi gaisuwa. Gwadabe ya ga ai jinjina daga kan abin hawa ita ce gaisuwar manya. Ya saki hannun dama ya ɗaga sama, ya ce, "Allah gafarta Malam!"

Naɗin ya zame daga kafaɗa. Shadda ta sauka kamar labule, sarƙa ta cafke ta. Kafin Liman ya amsa, rigar ta fizgo hannun baya ta murɗe shi, babur ya karkata, taya ɗaya ta faɗa lambatu, ya kife da shi.

Salihu ne ya fara isa, ya zaro wuƙarsa ta yankan igiyar huhu. Gwadabe na ƙasa, fuska duk jini da taɓo, yana cewa, "Kada ka yanka, Salihu, kwance ta za ka yi!" Salihu ya yanka. Ya durƙusa, aka ɗora masa shi, ya ratsa jama'ar Juma'a kaf da shi a baya. Wannan karon ba a yi zancen doki ba.

Mai ɗori ya yi iyakar yinsa. Ƙashi ya haɗe, amma yatsun ba su ƙara damƙa ba. Ga mai ƙafa, wannan asarar hannu ɗaya ce. Ga Gwadabe, tafiyar ce gaba ɗaya. Ba ya matsa birki, ba ya riƙe katako. Rarrafen da ya raina ma ya fi ƙarfinsa. Daga ɗaki zuwa rumfa sai an ɗauke shi. Dillanci ya koma hannun masu iya zagaya mota.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa ya zauna ya ce ƙaddara. Baiwa ta ce ƙaddara, Nasidi ya ce ƙaddara. Haulatu na miƙa musu ruwa ta ce, "Ƙwarai kuwa. Ai buhu-buhu na ga ana ɗora ta." Gwadabe ya harare ta. Shi bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. In an matsa masa ya ce, "Murfi na ƙarƙashin gadona, ba na wani ba." Babur kuwa aka jingine shi a rumfa, da hannun hagu yake goge shi, har kaza ta fara yi masa ƙwai a kujera.

An yi damina biyu ko uku a haka, sai wani Falalu ya zo daga Inugu. Gurgu ne shi ma, magidanci, yana gyaran takalma a kasuwar Ogbete, ya ji labari wajen direbobi. Gwadabe ya dubi gwiwoyin Falalu masu kanta da kakin jikinsa, ya ce wa Haulatu ta jawo abin da ke ƙarƙashin gado. Aka kira Emenike. Ya karɓi murfin ya juya shi, bai ce na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Ya buga shi ya miƙe, ya ɗaure, aikin da bai kai a sha shayi ba. Gwadabe na kallo, ya ce, "Shi ke nan? Iyakar aikin ke nan?" Emenike ya ce iyakarsa ke nan.

Gwadabe ya koya wa Falalu komai, mai da birki da iska da yadda ake shan kwana. Ya ce kyauta ce, ya hau ya kai shi tashar Upper Iweka a ɗora a mota. Falalu na ta share hawaye. Sai Gwadabe ya ce, "Af, ga wani buhun albasa nan a zaure, tunda hanyarka ce, ka ajiye min a Kan Gada."

"Haba Baba, ko goma ne! A ɗora!"

"Sauko min daga kan babur."

Falalu ya sauko yana kallonsa.

"Ni da na ba ka shi, ni za ka fara ce wa a'a. In ka iya ce min, ka iya ce wa kowa. Faɗi in ji."

Falalu ya sunkuyar da kai, ya murza hula, ya dubi Haulatu ko za ta cece shi. Da ƙyar ya ce, "Baba, sai dai a yi haƙuri."

"Da sauƙi. Tafi."

Ya tafi. Gwadabe ya karkata kunne yana bin ƙarar injin, ya san kowane rami na layin nan da sautinsa. Daidai kwanar Baiwa ya ji murya ta ɗaga, "Bawan Allah, tasha za ka?" Ƙarar ta ragu. Ta ragu. Ta tsaya.

Haulatu ta dubi fuskarsa, ta shige ɗaki.

Ran nan Juma'a ce. Ta ɗauko farar rigar, wadda Zailani ya yi wa ƙari a gefen dama, ɗinkin na nan a fili ga mai ido. Yanzu kullum ita yake sawa, ba ta ƙara yin datti ba, tunda mai ita ba ya taɓa ƙasa. Salihu ya yi sallama, ya tsufa shi ma, gwiwoyinsa na ƙara in zai durƙusa. Ya juya baya. Gwadabe ya tattare rigar da hannun hagu, ya cusa ta ƙarƙashin cinya da kyau, sannan ya ce a ɗaga shi.